Littattafan Batsa a Waya: Tsakanin Zunubin Bawa da Hukuncin Gwamnati

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya kunya ta zama ado ga mumini, Ya sanya adalci ya zama ginshiƙin mulki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.



Tambayoyi sun yawaita a kan littattafan batsa da ake rubutawa da Hausa ana tura su ta waya. Wasu iyaye suna cewa limaman Yamai su haɗa baki su kai kuka ga hukuma, a kama masu rubuta su, a jefa su gidan kaso. Wasu kuma, galibinsu matasa masu karatun boko, suna cewa: ina hujjar da ta nuna rubutu ya taɓa cutar da wani? Babu hoto, babu mutum na gaske, haruffa ne kawai, don me za a ɗaure mutum a kan ƙagaggen labari?

Mas'aloli biyu ne aka cakuɗa a nan, kuma matuƙar ba a raba su ba, gardamar ba za ta ƙare ba. Ta farko: mene ne hukuncin wannan aiki tsakanin bawa da Ubangijinsa? Ta biyu: yaushe ne ya halatta ga mai mulki ya hukunta wani a kansa, da wace hujja, kuma har zuwa ina? Ta farko amsarta a bayyane take. Ta biyu tana da sharuɗɗa, kuma sakaci da sharuɗɗan nan shi ma saɓon Allah ne.

*Abin da ake magana a kansa*

Wanda bai san abin ba ya sani. Ana rubuta labarin ne shafi-shafi, a saki na farko kyauta a zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad, idan mai karatu ya kamu sai a ce sauran na kuɗi ne. A ƙasan shafin za ka ga lambar asusu ta mutanen Nijeriya, ka ga wata lamba daban ta mutanen Nijar. Da yawa daga masu rubutun mata ne, masu karatun ma haka, kuma ana ɓoye suna a sa laƙabi. Sau da yawa akan rubuta a sama cewa na matan aure ne kaɗai, amma babu mai tsaron ƙofa. Yarinya ƴar shekara goma sha uku da wayar yayarta a hannu ta isa ta shiga.

*Hukuncinsa a wurin Allah*

Ya kai ɗan uwa mai cewa haruffa ne kawai, shari'a ba ta ɗauki kalma da wasa ba. Ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari, daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mace ta siffanta wa mijinta jikin wata mace har ya zama kamar yana kallonta. Ka lura, a nan ma babu hoto, magana ce kawai, amma an ba ta hukuncin kallo domin tana yin aikin kallo a cikin zuciya. Malamin Malikiyya Alƙabisi ya ce wannan hadisi asali ne ga Imamu Malik a ƙa'idar saddu zari'a, wato toshe ƙofar da ke kaiwa ga ɓarna. A cikin Sahihu Muslim kuma an sanya wanda yake yaɗa sirrin shimfiɗarsa da iyalinsa cikin mafi sharrin mutane a wurin Allah ranar ƙiyama. Idan bayyana abin da ya faru a cikin halal ya kai wannan matsayi, ina ga wanda ya zauna ya ƙaga na haram, ya ƙawata shi, ya sa masa farashi?

Suratul Isra'i, aya ta 32, kusantar zina ta hana, kafin a kai ga aikata ta. Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ba ido da harshe da zuciya rabonsu na zina. Suratun Nur, aya ta 19, ta yi alkawarin azaba mai raɗaɗi duniya da lahira ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Wasu malaman tafsiri sun ambata cewa aya ta 6 a Suratu Luƙman ta sauka ne a kan Nadru ɗan Haris, wanda yake kawo labaran sarakunan Farisa domin ya shagaltar da Ƙuraishawa daga sauraron Alƙur'ani. Tun a Makka an san labari makami ne.

Saboda haka rubuta batsa domin tayar da sha'awa haramun ne, sayar da ita haramun ne, kuɗinta ƙazanta ne, tura ta da karanta ta saɓo ne. Wannan hukunci ba ya jiran binciken wata jami'a. Musulmi bai bar naman alade domin likita ya gano tsutsa a cikinsa ba, ya bar shi ne domin an hana shi.

*Abin da bai shiga batsa ba*

A nan ne mai kishi yake zamewa. Ambaton so da aure da abin da ke tsakanin miji da mata, shi kaɗai, bai zama batsa ba. Ka'abu ɗan Zuhairu ya buɗe ƙasidarsa da begen mace a gaban Manzon Allah, bai tsawata masa ba, har ya ba shi mayafinsa. Suratu Yusuf ta ba da labarin mace da ta kulle ƙofofi ta nemi saurayi, amma mai karatu yana fita daga ƙissar da tsoron Allah, domin an faɗi abin da ya faru cikin sakaya, an nuna ƙarshen kamewa da ƙarshen cin amana. Littattafan da muka tashi a kansu a makarantun zaure, Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, suna bayanin janaba da maniyyi da maziyyi da haila ba tare da kwana-kwana ba. Imamul Gazali ya ware babi guda a cikin Ihya'u a kan ladubban aure. Ibnu Hazmi ya yi littafi a kan so. Suyuɗi ya yi rubuce-rubuce a kan zaman miji da mata, kuma Ƙurratul Uyuni sananne ne a hannun malamanmu.

Haka littattafan soyayya na Kano da suka bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1980, irin na Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Ahmed Funtuwa. Da yawansu auren dole suka yi magana a kai, da zaluncin miji, da hana ƴa mace karatu, kuma mata da yawa, har a Maraɗi da Damagaram, ta hanyarsu karatun Hausa ya zauna musu a baki. Malaman jami'a kansu sun yi ta musayar alƙalami a jaridu a kansu: Ibrahim Malumfashi yana sukarsu da sunan adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu yana kare su. Wanda ya ce a yi doka ta kama duk rubutun da ya taɓa al'amarin namiji da mace, to ya sani komar da ya jefa za ta kwaso littattafan fiƙihu da na lafiyar mata tare da kifin da yake nema.

*Maganar cutarwa: a faɗi gaskiya*

Matasa sun tambayi hujja, kuma tambayar tana da haƙƙin a amsa ta da gaskiya. Turawa sun daɗe suna wannan gardama. A Amurka, kwamitin da gwamnati ta kafa ya ba da rahoto a 1970 cewa bai sami hujjar da ta tabbatar batsa tana haddasa laifuffuka ba, shugaba Nixon ya yi watsi da rahoton. A 1986 wani kwamiti ƙarƙashin ministan shari'a Edwin Meese ya ce akwai alaƙa tsakanin batsa mai haɗe da cin zali da cin zarafin mata. Ƙasa guda, shekara 16 tsakani, sakamako biyu masu karo da juna. Ƙasar Denmark ta cire haramcin rubutacciyar batsa a 1967, ta hotuna a 1969, wani masani mai suna Berl Kutchinsky ya bi alƙaluman ƴan sanda ya ce laifuffukan lalata ba su ƙaru ba, wasu ma sun ragu, wasu masana kuma suka yi masa raddi cewa abin da mutane ke kai ƙara a kansa ne ya sauya. Bugu da ƙari, mafi yawan wannan bincike a kan hotuna da fina-finai aka yi shi, wanda ya shafi rubutu zalla kaɗan ne.

Abin da ya fito daga nan shi ne: bai halatta ga mai wa'azi ya hau mumbari ya ce bincike ya tabbatar kashi kaza cikin ɗari na fyaɗe ko na mutuwar aure daga littattafan nan suke ba, alhali babu wannan bincike a hannunsa. Ƙarya ba ta zama halal domin an yi ta don kare addini. Ranar da yaro mai ilimi ya gano an ƙaga alƙaluman, zai zubar da su, ya haɗa da ayar da aka karanta tare da su.

Amma kai ma, ɗana, kada ka ɗauka littafin rajistar komisariya shi ne ma'aunin cutarwa duka. Akwai ɓarnar da ɗan sanda ba ya rubutawa: saurayin da ya kwana yana karatu asuba ta wuce shi, matar da ta fara raina mijinta domin bai yi kama da attajirin cikin labari ba, yarinyar da ta fara sanin aure ta bakin mai sayar da sha'awa, zuciyar da ta saba har ta daina jin ƙyamar abin ƙyama. Masu sulhunta ma'aurata suna jin irin wannan. Wannan ya isa hujjar nasiha da tsawatarwa da hana ɗanka. Sai dai abin da ya isa hujjar uba a gidansa bai zama lalle ya isa hujjar alƙali a kotu ba, domin alƙali zai ɗauke wa mutum ƴancinsa ne, ya raba uwa da ƴaƴanta, kuma asalin mutum a shari'a kuɓutacce ne har sai an tabbatar.

*Ikon mai mulki da iyakarsa*

Rubuta batsa ba shi da haddi ƙayyadadde. Yana cikin babin ta'aziri, horon da aka bar wa shugaba ya ƙaddara gwargwadon maslaha. Don haka wanda ya ce gwamnati ba ta da hurumi sam ya yi kuskure. Amma ta'aziri amana ce mai sharaɗi, kuma Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya bar mana misalai biyu da suka ishe mu.

Na farko, mawaƙi Huɗai'a ya yi wa Zibriƙan ɗan Badar zambo, Zibriƙan ya kai ƙara. Umar, duk da saninsa da waƙar Larabawa, bai yanke da ra'ayinsa ba. Ya kira Hassanu ɗan Sabit, gwanin fannin, ya tambaye shi ko wannan baiti zambo ne. Da Hassanu ya tabbatar, sai aka tsare Huɗai'a. Bayan wani lokaci ya roƙi sassauci saboda ƙananan ƴaƴansa, Umar ya sake shi, ya karɓi alkawari a wurinsa, kuma an ruwaito ya ba shi dirhami 3,000 domin ya saye mutuncin Musulmi daga harshensa. Ka ƙirga abin da ke cikin ƙissar: akwai wanda aka cuta da sunansa, akwai masani da aka tambaya, akwai horo mai iyaka, akwai duba ga iyali, akwai kuma toshe yunwar da ta sa mutumin yake cin abinci da zagi.

Na biyu, Nu'umanu ɗan Adiyyu, wanda Umar ya naɗa a Maisan ta ƙasar Iraƙi, ya yi baitoci yana siffanta zaman shan giya. Ya rantse bai sha ba, waƙa ce kawai. Umar ya tuɓe shi daga muƙami, amma bai yi masa haddin giya ba. Malamai sun kafa hujja da ƙarshen Suratush Shu'ara'i, inda aka siffanta mawaƙa da faɗin abin da ba su aikata ba, cewa ba a tsayar wa mutum haddi da abin da ya faɗa cikin waƙa. Saboda haka wanda ya ce marubuciyar batsa mazinaciya ce, ya jefe ta da abin da ba shi da shaidu huɗu a kansa, kuma shi ne haddin ƙazafi, bulala 80, yake jira.

Imamul Ƙarafi, a cikin Alfuruƙ, ya kasa hanyoyin ɓarna uku. Akwai wadda aka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a tsakiyar hanyar mutane. Akwai wadda aka haɗu a kan barinta, kamar noman inabi, ba a hana shi don tsoron a yi giya da shi. Akwai kuma ta tsakiya da malamai suka yi saɓani. Zuba batsa a buɗaɗɗen zaure inda yara suke, rijiya ce a kan hanya. Labarin soyayya mai tsabta gonar inabi ce. Aikin mai doka shi ne ya san wace ce wace.

Sannan Gazali da Mawardi duk sun sharɗanta wa mai hisba cewa abin ƙin ya kasance bayyananne ba tare da bin diddigi ba, kuma Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana leƙen asirin mutane. Tare matasa a fada ko a kan hanya ana buɗe wayoyinsu ba da umarnin alƙali ba, saɓo ne da ake son kawar da wani saɓo da shi, kuma ƙofa ce ta cin hanci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau, ya lissafa a Kitabul Farƙi cewa cin dukiyar mutane da sunan horo yana daga halayen mulkin zalunci.

*Abin da ya faru a wasu wurare*

Maƙwabtanmu na Kano sun riga mu shiga wannan ruwa. An kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, gwamna Malam Ibrahim Shekarau ya halarci ƙona littattafan da aka ƙwace a hannun ɗalibai mata. A 2008 hukumar, a zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista, aka yi ta ja-in-ja da ƙungiyoyinsu. Niyyar gyara ce, kuma Allah Yana saka wa kowa da niyyarsa. Amma mu dubi inda aka kwana. Marubutan da aka matsa wa su ne masu suna da adireshi, masu kai littafi maɗaba'a su kai kasuwa. Da waya ta shigo hannun kowa, sai kasuwar ta koma inda babu shago balle a rufe, babu takarda balle a ƙona, kuma abin da ake rubutawa yau a ɓoye ya fi wanda aka ƙona muni nesa ba kusa ba.

A Masar, a 2016, an yanke wa marubuci Ahmad Naji ɗaurin shekara 2 saboda wani babi na littafinsa da wata jaridar adabi ta buga. Wanda ya kai ƙara ya ce da ya karanta zuciyarsa ta yi ta bugawa, jininsa ya sauka. Ko da rubutun ya cancanci zargi, irin wannan da'awa ba ta isa ma'aunin ɗaure mutum ba, kuma shari'ar ta sa waɗanda ba su taɓa jin sunan littafin ba suka neme shi. Haka ya faru a Ingila a 1960: aka gurfanar da kamfanin Penguin a kan wani littafi na D. H. Lawrence, kotu ta wanke shi, ranar da aka fitar da littafin kwafi 200,000 suka ƙare. A Sin kuwa, a 2018, an yanke wa wata marubuciya ɗaurin sama da shekara 10 a kan littafin batsa, har mutanen ƙasar suka riƙa cewa wasu masu fyaɗe ba su sami haka ba. Horon da ya wuce girman laifi zalunci ne, ko a hannun wa yake.

*Abin da ya kamata mu nema a wurin hukuma*

Ƙasarmu tana da dokar laifuffukan intanet, mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019, wadda aka yi wa gyara a 2022 da kuma Yuni 2024. Tana hukunta batsar da ta shafi yara, tana kuma hukunta yaɗa abin da zai dagula zaman lafiya ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam. Wannan lafazi na ƙarshe faffaɗa ne ƙwarai, kuma lafazi mai faɗi yana bin hannun wanda ya riƙe shi. Mai neman a ƙara wa hukuma bulala ya tuna cewa bulala ba ta san bayan wanda ya roƙo ta ba. Dokar da aka yi ba iyaka a kan rubutun da bai dace ba, wata rana za a iya karanta ta a kan wa'azin da bai yi wa wani daɗi ba.

Don haka idan za mu yi magana da mahukunta, mu roƙi abu ƙayyadadde. A tsananta a inda cutarwa take a fili kuma ana iya tabbatar da ita a gaban alƙali: wanda ya sanya ƙananan yara cikin labarin lalata ko ya tura musu shi, wanda ya ƙawata fyaɗe ya mayar da shi abin marmari, wanda ya sa sunan mutum na gaske ko hotonsa, wanda ya yi amfani da zauren karatu yana farautar ƴan mata ko yana yi musu barazanar tona asiri, da wanda ya mayar da watsa batsa a buɗaɗɗun zauruka sana'a bayan an gargaɗe shi. A fayyace ma'anar batsa a rubuce yadda kowa zai gane. A sa masana harshe da malamai da marubuta su duba rubutu kafin a yanke, kamar yadda aka kira Hassanu. A fara da gargaɗi da rufe zaure da tara, gidan kaso ya zama na ƙarshe. A bar mai karatu da ke ɓoye da zunubinsa tsakaninsa da Ubangijinsa.

*Abin da ya hau kanmu*

Ya ku iyaye, kiran gwamnati yana da sauƙi domin yana sauke mana nauyi. Amma wayar nan wa ya saya? Wa yake sa mata kuɗi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An ba uba da uwa ikon da ba a ba jandarma ba: su san abin da ke hannun ɗansu ƙarami, su hana waya kwana a ɗakin yara, su zauna da budurwa da saurayi su sanar da su hukuncin balaga da aure da harshe mai tsabta kafin wani ya sanar da su da ƙazamin harshe. Idan ka sami irin wannan a wayar ƴarka, kada ka tara mata jama'a, kada ka kai ta ga duka da zagi har ta ƙware a ɓoyewa. Ka tsawata, ka goge, ka jawo ta jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfi karya shi yake yi.

Ya kai mai tura shafin batsa cikin zaure kana cewa ku ga abin da ake rubutawa, ka sani ka zama ɗan aikenta ba lada. Mutum ɗari da ba su san da littafin ba yanzu sun san sunansa. Haka wanda yake yaɗa hoton marubuciya da lambarta domin a tsine mata: ayar Suratun Nur da ka karanta a kanta ta haɗa da kai. Wanda ya san mai wannan aiki ya same ta a asirce, ko ya tura mata wadda take jin maganarta. Idan ta ƙi kuma cutarwarta ta shafi yara, a kai ga hukuma ta hanyar da doka ta tsara.

Kada kuma wani ya ɗauki doka a hannunsa. Manyanmu suna tune da Nuwamba ta shekarar 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, yadda abin ya rikiɗe a Yamai da Maraɗi, aka ƙona wurare, aka far wa mata marasa galihu, daga baya gwamnati ta rushe wasu ƙungiyoyin addini. Garin gyaran gira aka taɓa ido. Canza abin ƙi da hannu a cikin jama'a aikin mai mulki ne, namu harshe ne da tarbiyya.

Ke kuma ƴata mai rubutu, idan wannan saƙo ya iso gare ki: Allah Ya ba ki baiwar da mutane da yawa ba su da ita, kina iya riƙe zuciyar mai karatu dare guda. Shafin da kika saki ba ya dawowa. Zai yi ta yawo daga waya zuwa waya bayan an binne ki, kuma duk wanda ya saɓa ta dalilinsa kina da kamasho ba tare da an rage masa nasa ba. Idan talauci ne, to ƙofar tuba a buɗe take, kuma alƙalamin da ya iya wancan zai iya wanda ya fi shi. Ki goge abin da kike iya gogewa, ki sanar da masu bin ki kin bari, ki rubuta so da aure da kishi da haƙuri yadda za ki iya karantawa a gaban mahaifiyarki.

Mu kuma masu hali da masu masallatai, a Maris 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Yaranmu za su ƙara karatu da shi, kuma za su karanta abin da suka samu. Wanda ya ɗauki nauyin buga littafi mai kyau, ko ya sa gasar rubutu a makarantar Islamiyya ta unguwarsu, ko ya sayi aikin marubuciyar da ta tsare mutuncinta maimakon ya karɓa kyauta, ya bi sawun Umar da ya biya dirhami domin ya kare mutuncin Musulmi.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da idanunmu da alƙalumanmu. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya suturta mu da suturarSa, Ya karɓi tuban masu tuba. Allah Ya datar da shugabanninmu ga adalci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wallahu a'alam.